Rumfa a Tsakar Gida da Hanyar Fitar Hayaƙi

A gidajen ƙasar Damagaram, tun daga tsohuwar unguwar Birni da ke kewaye da fadar Sarki a Zinder har zuwa ƙauyukan Dakusa da ke arewa da birnin, cikin gundumar Takeita, tsakar gida ita ce wurin da rayuwa take gudana, domin a nan ake daka da girki da wanki, a nan ake shanya, kuma a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana idan bazara ta tsananta. Da yake zafin watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 da rana, babu magidancin da ba ya marmarin inuwa, kuma da zarar hannu ya ɗan buɗe, aikin farko da akan yi shi ne kafa rumfa a ƙofar ɗaki. Rumfar da kakanni suka sani ta dirkoki ce da kara ko zana, wadda iska ke ratsawa ta ko'ina, amma ta yanzu ta ƙarfe ce da kwano, ana haɗa ta da bango a liƙe kowace kafa don kada ruwa ya zuba. Wannan sauyi ya zo da wata matsala da ba a cika lura da ita ba: bututun hayaƙin da jiya yake fitowa fili, yau bakinsa yana ƙarƙashin rufi, alhali ba a taɓa shi ba, kuma ba a matsar da shi ko taƙi ɗaya ba.

A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila da Faransa wannan batu ya fi shafar tukunyar ɗumama gida, wato na'urar da ke ƙona gas ta zafafa ruwa, ruwan kuma ya zagaya ɗakuna ta cikin bututai. Irin wannan na'ura ba ta da kasuwa a Damagaram, inda sanyin hunturu bai wuce na ƴan makonni ba, sai dai danginta suna nan ko'ina: na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas a wasu masaukai da gidajen masu hali, murhun gas na girki, janareta, injin niƙa mai shan man gas wanda salansarsa ke leƙowa ta bango, da tandun masu burodi. Gas ɗin girki kuwa ya daina zama baƙo tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamba na 2011, kusa da Bakin Birji a kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da Zinder. Matatar, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinta, gwamnatin Nijar kuma kashi 40, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a kowace rana daga ɗanyen man Agadem, kuma cikin abin da take fitarwa har da gas ɗin da ake ɗurawa a tukwane masu kilo 6 da masu kilo 12 da ɗoriya. Janareta ma ya ƙara yawa a gidaje da shaguna, musamman bayan da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023.

Domin a fahimci haɗarin, dole a fara da abin da wuta take ci da abin da take fitarwa. Kowace wuta tana buƙatar oksijin, wato ɓangaren iskar da ake shaƙa wanda bai wuce kashi 21 cikin ɗari ba, kuma gas ɗin girki mai cin iska ne ƙwarai, domin mudu ɗaya na nau'in da ake kira butan yana buƙatar kusan mudu 31 na iska kafin ya ƙone sarai. Idan iskar ta wadata, harshen wutar yakan zama shuɗi, abin da ke fita kuma tururin ruwa ne da kabon dayoksaid, iskar da mutum ma yake fitarwa a numfashinsa. Idan kuwa iskar ta gaza, ko ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin murhun, ko kuma wutar ta koma tana shaƙar hayaƙin da ta riga ta fitar, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, a sami kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari ko ɗanɗano. Warin da ake ji idan tukunyar gas tana yoyo wani sinadari ne da kamfanoni ke zubawa da gangan don gargaɗi, kuma da yake yana ƙonewa tare da gas ɗin, ba ya taimakon kowa wajen gane gubar da ke cikin hayaƙi.

Illar kabon monoksaid tana cikin jini. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira himogulobin, yana kama wannan guba da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya mamaye gurbin da oksijin zai zauna, ƙwaƙwalwa da zuciya su shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi yadda ya saba. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda a wannan yanki kowa zai ɗauka masassarar cizon sauro ce, ya nemi magani ya koma ya kwanta a wurin da cutar take. Idan abin ya kai ga ruɗewa da faɗuwa, wasu kan danganta shi da iskoki, kuma ta wata fuska ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai iskar ta bututu ce. Abin da ke bambanta ta da masassara shi ne mutane da yawa kan kamu a lokaci ɗaya, jiki ba ya zafi, sauƙi yakan samu idan an fita waje, kuma kaji ko tumakin da ke ɗaure kusa su ma sukan yi laushi. Jiki yana buƙatar awa huɗu zuwa biyar a iska mai kyau kafin ya fitar da rabin gubar, amma da oksijin na asibiti lokacin yakan sauko zuwa kimanin awa ɗaya da rabi, shi ya sa fitar da mutum waje matakin farko ne kawai, sai an kai shi wurin likita, musamman mace mai juna biyu da jariri da tsoho.

Tsohon ginin Hausa ya warware wannan matsala ba tare da sanin sunanta ba. Madafa tana can gefe guda na gida, nesa da ɗakin kwana, jinkarta ta ciyawa ce wadda hayaƙi ke bi ta tsakaninta ya fice, har ma baƙin da yake bari a jikin itace yana rage ɓarnar gara. Babbar tukunyar ruwan wankan jego, wadda ita ce ainihin tukunyar ruwan zafi ta gidan Bahaushe, a fili ake ɗora ta. Kwano da siminti da silin sun kawo tsabta da ƙarko, amma sun toshe dubban ƙananan kafofin da hayaƙi ke bi a da, kuma magini da mai walda, waɗanda su ne ke yanke shawara a kan fasalin rumfa, aikinsu hana ruwa shiga ne, ba wanda ya ɗora musu nauyin tunanin abin da zai fita.

Na'urorin gas iri uku ne ta fuskar hayaƙi, kuma a Turai ana bambanta su da haruffan A da B da C. Nau'in farko ba shi da bututu ko kaɗan, kamar murhun girki da ƙananan na'urorin dafa ruwa, don haka iskar wurin da yake ita yake ci, a cikinta kuma yake zuba hayaƙinsa. Na biyu yana cin iskar ɗaki amma yana fitar da hayaƙi ta bututu, kuma abin da ke tura hayaƙin sama shi ne zafinsa, tunda iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙin nauyi. Ƙarfin wannan zuƙa ya dogara ga tsawon bututun a tsaye da kuma bambancin zafi tsakanin cikinsa da waje, abin da ke nufin cewa bututun da zai yi aiki lafiya a daren Janairu zai iya yin rauni da tsakar ranar Mayu. Na uku a rufe yake ruf, yana da fanka da bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana shigo da iska, kuma galibi faɗinsu milimita 60 ne da 100. Wannan nau'i shi ne mafi aminci matuƙar bakinsa yana fili, amma shi ne rumfa ta fi yaudara da shi, domin idan hayaƙi ya taru a ƙarƙashin kwano, bakin da ke fitarwa da wanda ke shaƙa suna wuri ɗaya, sai na'urar ta riƙa haɗiyar abin da ta amayar, oksijin yana raguwa, gubar tana ƙaruwa a kowane zagaye.

Ƙasashen da suka daɗe da amfani da gas sun mayar da wannan darasi lambobi. Ƙa'idojin gini na Ingila sun tanadi cewa bakin bututun na'ura mai fanka ya nisanci taga ko ƙofa ko kafar iska da aƙalla milimita 300, idan kuma yana ƙarƙashin rumfar ajiye mota, ya nisanci ƙofar da ke shiga gida da milimita 1,200, sannan ana son rumfar ta kasance a buɗe ta ɓangarori biyu ko fiye. Dokar gas ta Birtaniya ta 1998 ta ƙara wani abu mai muhimmanci, inda ta haramta yin kowane gyara ga gini wanda zai lalata amincin na'urar gas da ke cikinsa, wato laifin yana hawa kan wanda ya kafa rumfa ko da bai taɓa bututun ba. Tun daga watan Afrilu na 2009 kuma, aikin gas a can sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe. A Faransa an daɗe da sanin tazarar santimita 40 daga taga da 60 daga kafar shigar iska, kuma wata doka ta 1969 ta ce bututu mai zuƙa da kansa ya zarce ƙololuwar rufi, da duk wani gini da ke cikin mita 8, da santimita 40. Waɗannan lambobi ba dokar Nijar ba ne, kuma littafin da kamfani ya haɗo da na'ura shi ne ke da magana ta ƙarshe, amma hayaƙi ɗabi'arsa ɗaya ce a Landan da Dakusa, don haka ma'auni ne da mai gida zai iya riƙewa.

Akwai wani abu game da rumfar Bahaushe da waɗannan ƙa'idoji ba su yi la'akari da shi ba, shi ne cewa rumfa ba ta daɗewa tana rumfa. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas sai a kewaye gefe ɗaya da zana, idan damina ta zo da hadarin gabas mai feshi sai a ƙara leda ko tsohon kwano, idan iyali sun ƙaru ko an yi amarya sai a ɗora bulo, kuma cikin shekara biyu ko uku wurin da aka kafa don shan iska ya zama ɗaki mai ƙofa. Kowane mataki ƙarami ne, ba wanda zai sa a kira mai gyaran gas, kuma ba wanda zai tuna da bututun da ke maƙale a kusurwa. Saboda haka dogaro da cewa rumfar a buɗe take ta ɓangarori biyu dogaro ne da abin da ba zai ɗore ba, kuma abin da ya fi dacewa shi ne a ɗauki duk rumfar da aka jingina da bango a matsayin ɗakin gobe, a fitar da bututun daga ƙarƙashinta tun kafin a haƙa ramin ginshiƙi na farko.

Hanyoyin yin hakan ba su da yawa. Mafi inganci ita ce a ɗaga bututun a tsaye ya huda kwanon ya zarce rufi, a sa masa hula mai hana ruwa da tsuntsaye shiga ba tare da ta danne hayaƙi ba, a kuma liƙe wurin hudar da farantin ƙarfe da abin liƙi mai jure zafi, domin duk hudar da aka yi wa kwano mafarin yoyo ce idan aka yi ta da ganganci. Hanya ta biyu ita ce a karkatar da shi zuwa wani bango da ke kallon fili, sai dai a nan ne aka fi yin kuskure, saboda kowane bututu yana da iyakar tsawon da na'urarsa za ta iya turawa, kuma kowace gwiwa, wato lanƙwasa mai kusurwa 90, ana lissafa ta kamar an ƙara kusan mita guda. Bututu mai zuƙa da kansa ba ya son kwanciya sam: ana so ya tashi tsaye aƙalla santimita 60 daga kan na'ura kafin lanƙwasa ta farko, lanƙwasar kuma kada ta wuce kusurwa 45. Wani lokaci lissafi yakan nuna cewa ɗauke na'urar kanta a mayar da ita wani bango ya fi arha da aminci a kan jan dogon bututu, wani lokaci kuma rage tsawon rumfar da mita ɗaya shi ne maganin da ba ya cin ko sisi.

Ruwan da ke cikin hayaƙi ma yana da nasa hukunci. Kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana fitar da kimanin lita ɗaya da rabi na ruwa a matsayin tururi, wanda idan ya haɗu da kwano mai sanyi da asuba sai ya koma raɓa, ya jawo tsatsa da baƙin tabo a daidai saman bututun. Sababbin tukwanen ɗumama gida na Turai, irin waɗanda aka wajabta a Ingila tun 2005, suna tatse zafin wannan tururi da gangan har ya zama ruwa mai ɗan tsami, shi ya sa ake ɗan karkatar da bututunsu zuwa wajen na'ura da kusan kusurwa 3 don ruwan ya koma ya bi magudanarsa, alhali tsofaffin nau'o'i ana karkatar da su ne zuwa waje. Mai gyaran da ya saba da ɗaya ya yi wa ɗayan irin aikin, zai bar ruwa yana kwanciya a inda bai kamata ba. Haka nan kayan aikin: bututun roba na ruwa yana narkewa, guntayen bututu na kamfanoni daban-daban ba sa kama juna da kyau, kuma haɗin da aka naɗe da tsumma ko robar taya zai buɗe cikin ƴan watanni. Bututun murhun itace ko gawayi, wanda ya fi na gas zafi nesa ba kusa ba, ƙa'idar Ingila ta ce idan ba a naɗe shi da abin tare zafi ba ya nisanci duk abin da ke kama wuta da ninki uku na faɗinsa, kuma a gidan da azara da zana da buhunan hatsi suke kusa da juna wannan tazara ba ta yi yawa ba.

Janareta da injin niƙa sun fi duk waɗannan haɗari, domin hayaƙin inji, musamman na fetur, yana ɗauke da kabon monoksaid mai yawa ko da injin lafiyarsa ƙalau. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, amma tsoron ɓarayi da ruwan sama yakan sa a jawo shi ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure, daidai lokacin da mutane za su kwanta. A watan Disamba na 2024 mutum 12 sun rasu a ɗakunan kwana da ke saman wani gidan abinci a Gudauri ta ƙasar Jojiya, bayan an kunna janareta a cikin ginin sakamakon ɗaukewar wuta. Ƙara wa salansa tsawo da walda, kamar yadda ake yi a shagunan niƙa, yana aiki ne kawai idan bututun da aka ƙara ya fi na asali faɗi, lanƙwasarsa kaɗan ce, kuma an sa haɗi mai lanƙwasuwa da zai shanye girgizar injin, in ba haka ba waldar takan tsage a cikin shago inda ba a gani. Ƙaramin keji na ƙarfe mai kulle a can ƙarshen gida, mai rufi amma buɗe ta kowane gefe, ya fi kowace dabarar bututu.

Tukunyar gas ɗin kanta tana da wata ɗabi'a ta daban wadda ya kamata mai kafa rumfa ya sani. Kabon monoksaid nauyinsa kusan ɗaya ne da na iska, don haka yana gauraya da ita ya bazu ko'ina, amma gas ɗin girki ya fi iska nauyi har kusan ninki biyu, idan ya yi yoyo ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a rami ko kwata ko bayan dakali. Rumfar da aka kewaye da gajeren bango ba tare da an bar kafa a ƙasa ba ta zama kwano mai tara gas, saboda haka wurin girki yana buƙatar kafa biyu, ɗaya a sama don hayaƙi, ɗaya a ƙasa don yoyo da shigar iska.

Bayan an gama aiki akwai gwajin da ya kamata a yi kafin a sallami mai gyara. Inda ake da na'urar auna hayaƙi, ita ce ke faɗin gaskiya, domin tana nuna yawan gubar da ke fita da kuma ko iskar da ke shiga ta gurɓata. Inda babu ita, ana kunna na'urar ta yi ƴan mintoci, a kusantar da hayaƙin turaren wuta ga bakin zuƙarta a ga ko yana shigewa ko yana dawowa ɗaki, a kuma duba launin harshen wuta, tunda rawaya mai lilo da baƙin toka a jikin bango alamu ne na ƙonewar da ba ta cika ba. Akwai kuma ƙaramar na'urar gargaɗi mai aiki da batir, wadda bisa ma'aunin Turai dole ta yi ƙara cikin minti 3 idan gubar ta kai kashi 300 cikin miliyan, ko cikin minti 60 zuwa 90 idan ta tsaya a kashi 50. A Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, inda na'urorin ɗumama ɗaki da na ruwan wanka ke hallaka mutane a kowane hunturu, kamfanin gas na ƙasar, Sonelgaz, ya fara sanya irin waɗannan na'urori kyauta a gidajen abokan hulɗarsa tun daga 2023. Ana maƙala na'urar gargaɗin ne a ɗakin da na'urar gas take, mita ɗaya zuwa uku daga gare ta, ko a ɗakin kwana daidai tsayin kan mai barci, kuma tana da wa'adin shekaru da aka rubuta a bayanta, wanda idan ya cika sai an sauya ta ko da batirinta bai mutu ba.

Saura batun maƙwabci, wanda a unguwanni masu cunkoso kamar Birni da Zango ba ƙaramin abu ba ne, domin katanga ɗaya ce ke raba gida da gida, kuma bututun da aka kawar daga tsakar gida sau da yawa yakan ƙare yana huci a lungu ko a ƙarƙashin tagar wani. Ƙa'idar Ingila ta nemi tazarar santimita 60 tsakanin bakin bututu da bangon da ke fuskantarsa ko iyakar fili, amma a lungun da faɗinsa bai fi mita ɗaya da rabi ba, wanda yara ke wasa a ciki kuma iska ba ta ratsa shi sosai, cika wannan tazara ba ya hana hayaƙin kwanciya. A irin wannan wuri hanyar sama ce kaɗai ta rage, kuma tsawon bututun sai an auna shi da rufin maƙwabci, musamman idan gidan nasa bene ne ko yana da soron da ake hawa a kwana a kai lokacin bazara.